Tsohuwar BMW M3 ko sabuwar Toyota GR86: na tuƙa duka biyun, ga wadda na ɗauka

A nan Amurka in kana da dala dubu talatin da 'yan kai kuma ranka ya kafe sai motar gudu, zaka tsinci kanka tsakanin abu biyu. Ko dai ka shiga wajen dilan Toyota ka fito da GR86 sabuwa dal, ko kuma ka ƙara wani abu a kai ka ɗauko BMW M3 ta hannu, samfurin E92 ɗin nan da aka yi daga 2007 zuwa 2013, wadda lokacin tana sabuwa sai mutum ya ajiye wajen dala dubu 60 kafin a miƙa masa makulli. Na ce ka ƙara ne saboda M3 mai tsafta, mai giyar manuwal, wadda ba ta ci mil da yawa ba, yanzu kuɗinta ya haura na GR86 sabuwa, wadda na je na gani ma mai ita kusan dubu arba'in yake nema kuma ko sisi ya ce bazai rage ba. Akwai masu araha, eh akwai, amma araha a irin wannan motar da dalilinta.

Ni dai GR86 na ɗauka. Abokaina da yawa har yanzu basu yafe min ba, wani ma cewa yayi ina ganin V8 na Jamus na je na kwaso motar 'yan makaranta. To bari in faɗi yadda lissafin ya kasance.

M3 sai an ba ta haƙƙinta, don wallahi ta cancanta. Injin cikinta sunansa S65, V8 ne, wato inji mai silinda takwas, lita 4, babu turbo babu komai, ƙarfin doki 414, kuma a duk zuriyar M3 ita kaɗai ce aka ƙera da yawa da V8 aka sayar wa jama'a. Daga V10 ɗin M5 ta wancan zamanin aka ciro shi, aka rage silinda biyu. Kowace silinda da nata bakin shan iska, takwas kenan, shi yasa kana taɓa totur kafin ka gama tunani ya riga ya amsa. Shekara biyar a jere, 2008 zuwa 2012, yana lashe kyautar injin shekara ta duniya a ajinsa, kuma duk wanda ya tuƙa shi bazai yi musu ba.

Da safe muka tada ita tana sanyi. Akwai wani abu a agogon juyin inji da ya burge ni sosai, wani zobe ne a gefe mai ruwan ɗorawa da ja, in inji na sanyi zaka ga jan ya sauko ƙasa yana nuna maka iyakar inda zaka taka, sai baƙin mai ya ɗau zafi sannan ya dinga ja da baya a hankali a hankali har ya tsaya a juyi 8,400 a minti ɗaya. Mai motar yana gefena ya ce Malam bari ta huce tukuna, wato ta yi ɗumi yake nufi, muka yi ta zagaya unguwa a hankali. Da zoben ya koma wurinsa muka nufi hanyar da ke hawa babban titin I-40, na sa giya ta biyu na taka. Ƙasa da juyi 4,000 gaskiya ba wani abin a zo a gani, motar tana tafiya dai. Amma allura na wuce 6,000 sautin ya canza gaba ɗaya, gurnanin ya koma wata ƙara mai kaifi da ke shigowa ta gaban gilas, motar tana ƙara ja maimakon ta gaji, allura na ta hawa kamar ba zata tsaya ba, tsigar jikina ta tashi har wuya. Ban taɓa jin inji irin wannan ba kuma bana jin za a sake yin irinsa, don M3 da M4 da suka biyo baya duk turbo aka sa musu.

To amma ina na kai a wannan lokacin? Giya ta biyu kawai, in ka kai ta ƙarshe kana wajen mil 70 a awa, kuma iyakar gudun da doka ta yarda da shi a manyan titunan Arewacin Karolina kenan. Giya ta uku kuwa sai ta haura mil 100 kafin ta ƙare. A jihar Bajiniya da ke maƙwabtaka da mu, in ɗan sanda ya kama ka sama da 85 ba tara kawai ba ce, laifin tuƙin ganganci ne da ake shiga kotu a kansa, kuma ga wanda ke zaune a ƙasar nan da takardu wannan ba abin wasa ba ne. Kaga kenan daɗin M3 gaba ɗaya yana can sama tsakanin 6,000 da 8,400, kai kuma abin da zaka samu a ciki daƙiƙa uku ne ko huɗu a bakin hawa babban titi, sai ka ɗaga ƙafa. Sauran ranar kana jan mota mai nauyin kusan kilo 1,680 a cikin go-slow tana shan mai, galan ɗaya mil 14 a cikin gari, 20 a babban titi, kuma mai tsadar take sha.

Wannan ma duk zan iya jurewa. Abin da ya tsayar da ni shine lokacin da na ce a ba ni takardun gyara.

Duk wanda ya san S65 ya san maganar metal, 'yan ɓawon ƙarfen nan da ke tsakanin karanshaf da sandar fistin. A wannan injin tazarar da ke wurin matsattsiya ce, baƙin man da yake sha kuma mai kauri ne, 10W-60, to in mai motar yana da halin tada ta da safe ya taka tun tana sanyi metal ɗin yana cinyewa a ɓoye, babu wuta a dashbod, babu alama, rana ɗaya kawai sai inji ya buga. Ba kowace M3 ke yin haka ba, akwai masu mil da yawa da ba a taɓa buɗe su ba, amma ya faru da isassun mutane har ya zama al'ada duk mai hankali yana canzawa tun kafin ya lalace. Aikin a garejin da ya san BMW yana cin dala dubu biyu zuwa uku. In kuma ka bari ya buga, maganar wani inji ake yi, sama da dubu goma. Bayan metal akwai 'yan injunan lantarki guda biyu da ke buɗe bakunan iskar nan takwas, haƙoran cikinsu na roba ne, suna cinyewa, ranar da ɗaya ya mutu motar zata kunna wuta ta ƙi gudu sai dai ka lallaɓa ta gida, kuma yawanci in ɗaya ya tafi ɗayan yana hanya.

Mai motar ya kawo min fayil, akwai rasit na taya, na burki, na batir, na canjin mai. Na metal babu. Ya ce wanda ya sayar masa ya ce an yi. An ce an ce kenan. Na biya wani makaniki ya ɗaga ta sama muka shiga ƙarƙashi da tocila, mutumin kirki ne dattijo, yana haskawa yana nuna min da yatsa, nan mai yana ɗan tsattsafowa ta murfin saman inji, nan robar ƙafa ta fara tsagewa, tayoyin baya sun kusa kai layi. Babu ko ɗaya da ya ce laifin motar ne, shekaru ne kawai, roba da ta haura shekara goma tana shan zafin V8 dole ta bushe. Da muka fito ya goge hannu ya ce motar lafiyarta ƙalau a yadda yake gani, amma cikin metal Allah kaɗai ya sani sai an kwance, kuma in shine zai saya, ranar da ya karɓi makulli ranar zai kawo ta a canza.

Sai na zauna na tara. Kuɗin mota, da metal, da tayoyin baya masu faɗin 265, da robobi, da ɗan abin da zan ajiye saboda ranar da totur zai yi gardama. Ko canjin mai ma kusan lita 9 take sha na wancan mai tsadar, kuma babu sandar duba mai, sai dai ka tambayi kwamfutar motar ta faɗa maka. Ban ko fara tuƙa ta ba lissafi ya riga ya yi wa GR86 nisa. Tsohon doki sai mai shi, kuma haka M3 take, wanda ya rene ta tun tana sabuwa ya san me ta ci me ta sha, kai da ka zo a na uku ko na huɗu sai dai ka ɗauka da harawarta da dusarta da duk ciwon da ba a faɗa maka ba.

Yanzu GR86. A takarda ba ta kama ƙafar M3 ba ko kaɗan. Inji lita 2.4 mai silinda huɗu, ƙarfin doki 228, kusan rabi kenan. Daga tsaye zuwa mil 60 daƙiƙa 6.1 inji Toyota, M3 kuwa ƙasa da 5. In aka jera su a miƙaƙƙen titi ko ƙurarta bazaka gani ba. Injin ma ba na Toyota bane, na Subaru ne, irin kwantaccen nan da silindoji ke kallon gefe da gefe, kuma a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake haɗa motar tare da 'yar uwarta BRZ.

Amma ka shiga ka zauna tukuna. Kujerar tana ƙasa sosai kamar zaka taɓa kwalta, sitiyari ɗan ƙarami, giya tana nan daidai inda hannunka zai faɗa, gajeriya, tana shiga da wani ƙas mai daɗi. Nauyinta wajen kilo 1,275, wato ta fi M3 sauƙi da kusan kilo 400, kuma wannan bambancin tun a kwanar farko zaka ji shi a hannunka. Kana juya sitiyari hancinta ya riga ya shiga, babu jinkiri babu tangaɗi. Tayar baya ke ja kamar M3, kuma akwai abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin bayan biyu don kar ɗaya ta yi ta juyawa a banza, to in ka fito daga kwana ka taka zaka ji bayanta yana ɗan turowa, yana gaya maka saura kaɗan in zame, kuma tana faɗa da wuri yadda zaka gyara ba tare da gabanka ya faɗi ba. Ta farko da ta fito a 2012, wadda a nan aka sayar da sunan Scion FR-S, mutane sun yi ta ƙorafin tana mutuwa a tsakiyar juyi, ka taka ta yi shiru kafin ta farfaɗo. A wannan sabuwar da ta zo a 2022 an gyara wannan sosai, tun wajen 3,700 take ba da duk ƙarfin jan ta.

Na kai ta hanyar nan ta US 129 da ke kan iyakar Karolina da Tenesi, wadda ake kira Tail of the Dragon, lanƙwasa 318 a cikin mil 11. A can ne na tabbatar ban yi asara ba. Giya ta biyu, ta uku, ta biyu kuma, inji yana kuka har sama, hannu da ƙafa duk suna aiki, ga daji ta ko'ina ga dutse a gefe, na fito gumi ya jiƙa min riga ina ta murmushi ni kaɗai, kuma duk wannan a gudun da ko a cikin gari wasu suna yin fiye da shi. Motar duka nake amfani da ita, tun daga dokin farko har na 228. A wannan hanyar M3 bazata samu inda zata miƙe ƙafa ba, ga nauyi, ga tunanin metal a ranka duk lokacin da allura ta hau.

Ba wai ba ta da aibu ba fa. Cikinta roba ce ta ko'ina, ka fito daga fatar M3 ka shiga nan zaka san an yi tsimi. Ƙarar taya da iska suna shigowa sosai, tafiyar awa uku a babban titi sai ka sauka kunnenka na amo. Kujerun baya sunan kujeru kawai suke, babba bazai zauna ba sai dai yaro ƙarami ko jaka, alhali M3 mutum huɗu zasu shiga a je sallar Juma'a a dawo lafiya. Sai abin da yafi ba ni haushi, sautin injin da kake ji a ciki wani ɓangarensa ta lasifika ake turo shi, don injin kansa ba shi da murya mai daɗi. Wanda ya ji S65 da kunnensa wannan abin zai dame shi, ni ma yana damuna. Man fetur ita ma mai tsadar take so, sai dai galan yana kai ta mil 20 a gari, 26 zuwa 27 a babban titi.

Kuma ita ma tana da nata zancen. A 2022 an yi ta magana kan gam ɗin da ake liƙe kaskon ƙasan inji da shi, a wasu motocin yana yin yawa ya gutsure ya taru a rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, har an samu injunan da suka buga. Masu kai ta filin tsere kuma sun nuna ƙarfin mai yana sauka a doguwar kwanar dama in ana gudu sosai. Na san da wannan kafin in saya. Bambancin shine a nan akwai wanda zan riƙe. Garantin shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar duka, shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, ga sabis kyauta na shekara 2. M3 in ta buga daga kai sai aljihunka. Har rana ɗaya ta koyon tuƙi a filin tsere suke haɗa wa wanda ya sayi sabuwa, kuma in ka kwantar da kujerun bayan nan marasa amfani tayoyi huɗu suna shiga cif, dama don haka aka yi su.

Wuri ɗaya da M3 ta yi nasara a lissafin kuɗi shine faɗuwar daraja. GR86 ina fita da ita daga wajen dila ta fara raguwa, haka sabuwar mota take. M3 E92 kuwa ta riga ta gama faɗuwarta, mai tsafta mai manuwal ma riƙe kuɗinta take yi saboda kowa ya san ba za a sake yin V8 irin wannan ba. Wanda ya saya ya kula da ita zai iya sayarwa bayan shekaru bai yi asarar kirki a kuɗin saye ba. Sai dai abin da bai rasa a wajen sayarwa ba ya riga ya biya shi a gareji, kaɗan kaɗan. Inshora kam duka biyun babu mai sauƙi, musamman in kai matashi ne.

Saboda haka ban ce kar kowa ya sayi M3 ba. In kana da wata motar da zata kai ka aiki ran Litinin, kana da gareji a gida, kana da dala dubu biyar zuwa sama da zaka ajiye gefe ka manta da su saboda ita, kuma a garinku akwai makanikin da ya saba kwance S65, to Alhaji je ka ɗauko, zaka ji abin da ni bana ji. Amma ka nemi wadda ke da rasit ɗin metal da sunan gareji da mil ɗin da aka yi aikin, ka duba tarihinta a Carfax, shafin da ke tattara tarihin motoci, ka ce kar a tada ta kafin ka iso don ka ji yadda take tashi da sanyi, kuma ka biya makanikinka ba na mai motar ba. Ni mota ɗaya gare ni, da ita nake zuwa aiki da ita nake cefane, ga 'yan uwa a gida da ake tura wa abin da ya samu duk wata, bazan iya da motar da zata iya tashi rana ɗaya ta nemi dubu goma ba.

Sai 'yan uwa na Kano da Abuja da Yamai da ke turo min hotunan M3 daga gwanjon Copart suna cewa ga banza ta faɗi. Waɗancan masu arahar da na ambata a farko yawancinsu can suke, kuma mafi yawan motocin da ke wurin inshora ce ta riga ta yanke musu hukunci, ko hatsari ko ambaliya, babu fayil babu rasit babu wanda zaka tambaya. Ka haɗa wannan da man gidajen mai na gida wanda ba irin da injin ke so bane, da wahalar samun 10W-60 na gaskiya, da zafin watan Afrilu, ni dai bazan ba ɗan uwana shawara ba. GR86 ɗin ma a gida lissafinta ya canza, garantin nan na Amurka bazai bi ka ba, tsakaninta da ƙasa santimita 13 ne kawai, duk wani tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace. Kuma kar tambarin Toyota ya sa ka ɗauka kayan Corolla ko Camry zasu shiga, injin Subaru ne, fulogoginsa a gefe suke manne da bodi, ko canza su ma sai an ɗan ɗaga injin sama.